Mai Ƙiba a Shekarar Fari

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka, ta 1984, kowa a Yamai ramewa yake yi, ban da Mijinyawa. Shi kam wandunansa ne suka daina shigarsa.

Mutumin Tawa ne, shekarunsa arba'in da shida, kuma shi ke riƙe da makullin wani babban magazan, wato sito, na hatsin taimako a bakin unguwar Yantala, inda yake zaune. Tun safe kamiyo, manyan motocin kaya, ke shigowa da buhunan jar dawa da masara daga ƙasashen waje, a sauke, a jera, a sake lodawa zuwa ƙauyuka. Shi yana tsaye a tsakiya, cikin ƙaiƙayi da warin maganin ƙwari, da sigari a baki. Shekara goma yana wannan aiki, bai taɓa kai ko tiya ɗaya gidansa ba. Tsoron Allah yana ciki, amma kuma da idonsa ya ga yadda sojoji suka fitar da wanda ya gada daga wurin, ba ko takalmi a ƙafarsa.

Ƙibar tasa daga farin ta zo. Makiyaya sun rasa ciyawa, suka koro shanunsu birni suna sayarwa yadda ta kama, kafin su mutu a hannunsu. Hatsi ya gagari mutane, nama ya zama abin banza. Shanun ba su da tsoka, amma suna da ƙwaƙwalwa da ɓargo da hanta da kayan ciki, kuma abokinsa Alu, mahauci a kasuwar Petit Marché, yakan ware masa su kullum. Matarsa Tabawa ta soya su da man shanu na gwangwani, wanda ake raba wa ma'aikata duk wata. Da safe ƙwaƙwalwa da burodi, da rana farfesu, da yamma abin da ya yi saura. Tabawa tana alfahari da wuyan mijinta. Ita a ganinta, mace ce kawai ta iya riƙon gida a shekarar da wasu suka kasa.

Abin ya fara ne da haki. Ba ya tari, ba ya zazzaɓi. Amma idan ya hau tsani zai duba jerin buhuna na sama, sai ya tsaya a tsakiya kamar yana nazarin rufin. Ran wata Juma'a ya yi saurin zuwa masallaci, ya isa, ya kasa amsa sallamar mutane.

Wadda ta lura ita ce maƙwabciyarsu Rut, infirmiya, wato ma'aikaciyar jinya, 'yar Dogon Dutsi, mijinta malamin lakwal, makarantar boko. Ta shigo aron rariya, ta tarar da shi yana ɗaure igiyar takalmi yana huci.

"Baba Mijinyawa, tun yaushe kake wannan numfashi?"

"Wane numfashi, ɗiyata? Ƙoshi ne."

"To ka kawo mana ƙoshin nan gobe mu gani. Sabon lokotoro ya zo asibitinmu da wata na'ura, ba mu da wanda za mu gwada ta a kansa. Masu zuwa mana yanzu ko ƙarfin busa ba su da shi."

Don kada ya kunyata maƙwabciya ya je. Ya ratsa ta cikin matan da suka gudo daga ƙauyuka, zaune a inuwar katanga da 'ya'yansu, ana auna hannun yaran da wani ɗan zare. Ya ji idanunsu a kan cikinsa. Ya yi ƙoƙarin shanye shi, cikin ya ƙi.

Na'urar ba wata aba ba ce: akwati da bututu da takarda mai juyawa. Rut ta matse masa hanci da wani abu kamar na shanya kaya, ta ce ya cika ƙirji ya busa da duk ƙarfinsa har iskar ta ƙare. Ya busa sau uku, idanunsa suka yi ja. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ɗebi jininsa, aka aika babban asibiti, aka ce ya dawo bayan mako.

Da ya dawo, matashin lokotoron ya yi bayani da Faransanci mai sauri, ya sa hannu a takarda, ya fita wajen masu gudawa. Rut ce ta zauna ta warware masa.

"Huhunka ya fara ja baya. Bai yi nisa ba, shi ya sa hoto bai nuna komai ba, sai busa ta nuna. Iskar da ya kamata mai shekarunka ya fitar, kai ka gaza ta kaɗan."

"Kaɗan. To alhamdu lillahi." Ya miƙa hannu zai ɗauki hularsa.

"Zauna, Baba, ban gama ba. Jininka ya cika da kitse, shi suke kira kolestirol. Yana liƙewa a jijiyoyin jini kamar yadda mai ke daskarewa a bakin tukunya. Lokotoro ya ce sau da yawa abu biyun nan tare suke tafiya. Wanda huhunsa ya fara gazawa da wuri, a duba jininsa da zuciyarsa, don huhun kan riga yin magana. Ita zuciya ba ta cika gargaɗi ba."

"To sai a ba ni ƙwaya."

"Ƙwayar da muke da ita ta zazzaɓin sauro ce. Kai rejim za ka yi."

Ya dube ta. Ya san kalmar, amma a rediyo yake jin ta, idan ana maganar gwamnatin soja.

"Tsarin abinci," in ji Rut. "Haka ake ce masa. Ba ƙwaƙwalwa, ba ɓargo, ba man gwangwani. Ka bar sigari. Ka ci dawa da wake da ganye, kaɗan-kaɗan, ka riƙa tafiya da ƙafa. Kuma ka fita daga ƙurar magazan ɗin nan, ga takarda ka kai wa shugabanka."

Mijinyawa ya juya ya leƙa ta taga, wajen matan da ke jikin katanga.

"Wato abin da waɗancan suka gudo wa, shi za ki rubuta mini a matsayin magani."

"Su sun wuce gona da iri," in ji Rut, ba ta yi dariya ba.

Shugaban nasa soja ne, Kafitan Garba, siriri kamar sanda, wanda aka ɗora a kan rabon hatsi. Mijinyawa ya shiga biro ɗinsa, wato ofishinsa, ya gaishe shi, ya ajiye takardar da hannu biyu. Kafitan ya karanta har ƙasa, ya koma sama.

"Muse Mijinyawa, ka san daga ina na dawo jiya?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Daga arewacin Wallam. Na ga mata suna tona gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Yau kuma mai riƙe mini makullin abinci ya kawo mini shaida, da hatimin likita, cewa kitse ya yi masa yawa." Ya tura takardar da ɗan yatsa. "Ka ɗauke ta. Idan ta shiga fayil ɗinka, ba ni zan yi maka tambaya ba. Ni na san ba ka sata. Amma cikinka ba ya taimaka mini."

Mijinyawa ya ninke takardar ya fito. Yana komawa magazan aka buɗe sabon kamiyo na dawa, ƙaiƙayi ya tashi har rufi.

A gida rigima ta fi. Tabawa ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Malam, kopto za ka ci? Kwaɗon zogale, a gidana? Mutane su ce me?"

"Su ce lokotoro ya hana."

"Wa zai yarda? Cewa za a yi an kore ka, ko na daina kula da kai. Ita Rut ɗin, da ta ga mijinta kamar kara, sai ta ce kowa ma ya koma haka?"

Amma ta yi. Ta dafa zogale, ta sa ƙuli kaɗan da albasa, ta ajiye masa a ɗaki ta saki labule don kada wani ya shigo ya gani. Sati uku ana haka. Barin sigari ya fi komai ci masa rai. Ya koma cin goro, ya koma faɗa da masu dako a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wandunansa suka fara shigarsa. Maƙwabta suka fara yi masa sannu da murya ƙasa-ƙasa.

Ran wata Asabar da hantsi ya bi ta Petit Marché sayen tattasai. Ya so ya kauce wa layin mahauta, amma Alu ya hango shi. Alu haifaffen Yamai ne, Bazabarme, Hausarsa ta kasuwa ce, da ƙarfi yake yin ta.

"Fofo, fofo! Mijinyawa, kai mutu ne? Sati uku ƙoƙoluwa yana jiranka!" Ya ɗaga wani ƙashi da ya fasa, ɓargo yana ƙyalli a ciki. "Duba wannan. Ɗan sarki ma bai samu ba."

Mijinyawa ya tsaya. Ƙamshin tukunyar mai tsire na gefe ya bugo shi. Ya haɗiye yawu, ya ɗaga murya don ta fi hayaniyar kasuwa.

"Bari kawai, Alu. Wallahi wannan rejim ɗin kashe ni zai yi. Ya hana mu ci, ya hana mu sha. Ni dai na gaji da shi, Allah ya kawo ƙarshensa!"

Layin mahauta ya yi tsit. Wani mai sara ya tsaya da gatari a sama. Alu ya sunkuyar da kai yana goge teburin da ba datti. Mijinyawa ya ɗauka tausayinsa suke ji, ya yi musu sallama ya wuce wajen masu tattasai.

Ran Litinin da safe mutum biyu cikin farin kaya suka same shi a ƙofar magazan. Suka gaishe shi da ladabi, suka karɓi makullin, suka ce ana son ganinsa na minti biyar.

Kwana uku ya yi. Ba wanda ya taɓa shi. Wani mutum mai tabarau yakan kira shi, ya karanta masa maganarsa daga takarda, kalma bayan kalma, har da "wallahi", ya tambaye shi su wa yake zama da su. Mijinyawa ya yi bayanin huhu, ya yi bayanin kitse, har ya kumbura kunci ya nuna yadda ake busa. Mai tabarau ya ce ya sha jin ƙarya a ɗakin nan, amma wannan sabuwa ce. Ya nemi takardar lokotoro. Tana cikin aljihun wata riga da Tabawa ta riga ta wanke. Abincin wurin kuwa kunun dawa ne tsululu, sau biyu a rana, ba mai ba gishiri. Mijinyawa ya lura, da baƙin ciki, cewa duk sati ukun nan bai taɓa bin umarnin likita kamar yanzu ba.

Tabawa ba ta zauna ba. Ta je wajen Alu, ya rantse bai ji komai ba, ranar ma kunnensa na ciwo. Daga nan ta wuce gidan Rut, ta tsaya a tsakar gida ba sallama.

"Ke kika koya masa kalmar. Shekara ashirin muna tare bai taɓa faɗinta ba. Sai ki je ki fito da shi."

Rut ta ji tsoro, kuma ba ta ɓoye ba. Mijinta ya ce ta tuna suna da yara huɗu. Ta ce ta tuna. Ta saka farar rigarta ta aiki, ta ɗauki kwafin takardar da takardar busa mai zane, ta tafi wajen Kafitan Garba, don shi kaɗai ta san zai iya shiga inda aka kai mutumin.

A gaban mai tabarau aka haɗu: Kafitan a zaune, Rut a tsaye, Mijinyawa a kan benci, yana riƙe da wandonsa don an karɓe masa bel. Kafitan ya karanta takardar da ƙarfi. Kalmar tana nan a sama, da rubutun lokotoro, an ja mata layi biyu.

"Madam, ke kika ba shi wannan?"

"Ni ce, mon kafitan. Rejim ne mai tsanani, kowa kuka yake da shi. Amma lokotoro ya ce in an daure wata shida, za a duba a ga ko za a canza shi."

Mai tabarau ya ɗaga kai. Kafitan ya rufe ido na ɗan lokaci.

"Madam, daga yanzu ki riƙa cewa tsarin abinci."

"To, mon kafitan."

Mai tabarau ya ɗauki takardar busa ya juya ta sama da ƙasa. Ya tambayi me layin yake nufi. Rut ta nuna masa inda ya kamata ya kai da inda ya tsaya, ta faɗi abin da ta faɗa wa Mijinyawa game da huhu da kitse da zuciya. Mutumin ya saurara fiye da yadda aikinsa ya buƙata. Ya dubi sigarin da ke hannunsa, ya kashe shi, ko da yake bai kai rabi ba.

Aka sake shi da la'asar. Amma magana ta riga ta shiga takarda, kuma abin da ya shiga takarda sai an yi masa hukunci. A mota Kafitan ya gaya masa.

"Na yarda abinci kake nufi. Su ma sun yarda. Amma mutum ɗari sun ji ka a kasuwa, kuma ba za mu bi su ɗaya-ɗaya muna nuna musu takardar likita ba. Ba za ka koma magazan ba. Mobilet ɗin aiki da kake hawa ma ka mayar."

"Ina za a kai ni, ranka ya daɗe?"

"Inda ba ka da wanda za ka yi wa magana."

Wurin wani fili ne a bayan gari, kusa da gulbi, tafiyar kusan awa ɗaya daga gidansa. Akwai ɗaki guda, da bishiyar gawo, da wani gwangwani mai mazurari a kan ƙarfe, na auna ruwan sama. Aikinsa shi ne ya zo da safe ya duba gwangwanin, ya rubuta yawan ruwan da aka yi. An kai shi a watan Oktoba, damina ta riga ta wuce ba ta zo ba. Kowace safiya ya taka da ƙafa, ya leƙa, ya rubuta sifiri, ya zauna a inuwa yana kallon gulbin da ke janyewa har yara na tsallaka shi. Ba ƙaiƙayi, ba man gwangwani, don rabon ma'aikatan magazan ne. Abokan aikinsa na da suka daina gaishe shi a hanya. Alu kuwa, in ya hango shi, sai ya tuna yana da aiki a bayan rumfa.

Ya ji ciwon abin sosai. Shekara goma na gaskiya, a ce ƙarshenta gadin gwangwani. Watan farko ko magana ba ya son yi. Tabawa ce ta fara sabawa. Ta gano cewa matar wanda aka tsare kwana uku tana da wani irin kwarjini a unguwa, mata na rage murya in ta zo famfo. Ta daina sakin labule in zai ci kopto. Har ta fara sa masa tumatir.

A watan Mayu Rut ta sake matse masa hanci. Ya busa sau uku. Aka ɗebi jini. Bayan mako ta zo gida da takardun.

"Kitsen ya sauka sosai, Baba. Tansiyo ma, wato hawan jini, ya daidaita."

"Huhun fa?"

"Yana inda yake."

"Inda yake? Wata takwas ina cin ganye kamar akuya, an tsare ni, an raba ni da aikina, ki ce yana inda yake?"

"Abin da ya tafi ba ya dawowa. Da ka zauna cikin ƙurar nan da sigari, da yanzu layin ya sauka nan." Ta sa yatsa ƙasa. "Tsayawarsa ita ce nasarar. Kuma zuciyar da ke aiki da shi ta samu sauƙi."

Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo. Bai taɓa jin an yi wa mutum barka don bai ci gaba ba. Tabawa ta ce a dai gode wa Allah, ta kawo wa Rut ruwa da kofin baƙi, wanda rabon da ta fito da shi tun kafin rigimar.

Ruwan farko na sosai ya zo a ƙarshen Yuni, da safe, Mijinyawa yana tsakiyar hanya. Iska ta fara, sannan aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fito daga gidaje suna tsayawa a cikinsa, tsofaffi na ɗaga hannu sama. Shi kuwa abin da ya faɗo masa shi ne gwangwaninsa. Ya tattare riga ya sa sauri, saurin ya koma gudu-gudu, cikin taɓo, takalmi ɗaya a hannu. Sai da ya dafa ƙarfen ya tuna bai tsaya ko sau ɗaya ba. Yana haki, amma irin hakin da kowane mai shekara arba'in da bakwai zai yi.

Ya jira ruwan ya ɗauke. Ya goge hannu, ya cire mazurarin a hankali, ya leƙa.

Ba komai a ciki. Ya ɗaga gwangwanin sama, ya hango haske ta gindinsa: tsatsa ta huda shi, wa ya san tun yaushe. Ruwan duk ya bi ta ƙarfen ya shige ƙasa.

Ya shiga ɗaki, rigarsa na ɗiga, ya buɗe littafin. Ba zai rubuta sifiri ba, ga fili nan ya zama tafki. Ba zai kuma ƙirƙiro lamba ba. Ya daɗe da alƙalami a hannu. Can ya rubuta a gaban kwanan watan: "An yi ruwa mai yawa. A aiko da sabon gwangwani." Ya karanta sau biyu, ya tabbata babu kalmar da za a iya yi wa wata fassara, sannan ya sa hannu.